Merin da Muka Gina a Hanyar Ruwa

Ban taɓa shan wuya irin ta shekarar da muka gina meri, wato ofishin magajin gari, ba. Na yi dako a tashar Maraɗi, na yi haƙar rijiya, na yi ƙodago a gonakin mutane har can cikin Najeriya, duk ban sa su a lissafi ba. Waɗannan ko ba komai ka san wa kake yi wa, kuma da yamma za a ba ka abin sawa a baki. Ginin meri kuwa da yunwa muka yi shi, a tsakiyar bazara, a wurin da ko jaki ya san ba a kwana in hadari ya taso.

Abin da ya tono mini zancen, bazarar bana ta yi kama da waccan. Zafi tun hantsi, iska ba ta motsi, hadari ya taso daga gabas kullum la'asar, ya yi baƙi ƙirin, ya watse ba ko ɗigo. Ga kuma ƙanena Habu da ya fara zarya a ƙofar gidana da zancen gayya. Zan zo kan wannan. Bari in fara daga tushe, don yaran yanzu gani suke meri daga sama ta faɗo da tutarta.

Da can garin nan ba shi da wani ginin hukuma. Rumfar ƙofar mai gari ita ce komai. Nan ake biyan lanho, wato haraji, nan ake raba gardamar iyakar gona, nan ake ɗaure ɓarawon akuya kafin jandarma su iso. Babana ya ce ginin farko da aka yi da sunan gwamnati mangazar ajiyar gyaɗa ce, zamanin da gyaɗa ke da daraja. Da gyaɗar ta mutu sai jemagu suka gaje ta. Daga nan sai lakol, makarantar boko mai aji biyu, wadda samari suka gina lokacin mulkin soja. Ni ma na ɗauki ƙasa a ka ina yaro, na kuma zauna a cikinta ɗan lokaci kafin babana ya ce gona ta fi buƙatata. Daga baya aka yi ɗakin likita. To ka lura da abu guda: mangaza tana Unguwar Kasuwa, lakol tana Unguwar Tudu, ɗakin likita kuwa da aka rasa yadda za a yi, sai aka kai shi bayan gari, inda mai ciwo sai an ɗora shi a amalanke kafin ya kai.

Garin namu unguwa biyu ne. Mu 'yan Tudu kakanninmu daga wajen Tibiri suka taso, su suka sari dajin. 'Yan Kasuwa nasu kakannin daga kudu suka hauro, ƙasar Katsina, da jakai da kayan koli. Muna auratayya, masallacin Juma'a ɗaya, maƙabarta ɗaya. Matata Barira ma 'yar Kasuwa ce. Amma in aka ce ga wani abu za a kawo gari, ko da turken ɗaure jaki ne, sai an kwana an wuni ana jayayyar unguwar da za a kafa shi.

Tsakanin unguwannin biyu akwai wani fili mai yashi, Kwarin Jakai muke ce masa, don nan baƙi ke ɗaure jakansu ranar kasuwa. Ba wanda ya taɓa gini a wurin, kuma ba don tsoron aljanu ba. Duk ruwan da ya sauka a Tudu ta nan yake bi ya gangara tafki. Muna yara nan muke wanka tsirara in an yi ruwa. Babu ɗan garin nan da bai san haka ba.

Sai aka zo da zancen komin, wato ƙaramar hukuma. Aka ce kowane yanki zai zaɓi magajin garinsa, kuma garinmu ne cibiya, ƙauyukan kewaye su riƙa zuwa wurinmu yin takardar haihuwa maimakon su hau mota. Aka yi zaɓe, wani Alhaji na Unguwar Kasuwa ya ci, mataimakinsa ɗan Tudu. Buro, wato ofis, babu. Gindin dogon yaro yake zama da teburin da aka aro wurin mai shayi, hatimin komin a aljihun riga. In iska ta taso sai a danne takardu da takalmi. Kuma aiki yana tafiya, ba wanda ya mutu don haka.

Wannan kuwa ya faɗo a mummunar shekara. Damanar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Tun sanyi bai fita ba rumbuna ya fara ƙara kamar ganga in ka buga shi. Da bazara ta shigo babu komai a ciki sai ɓeraye, su ma daga baya suka yi ƙaura. Hatsi akwai shi a kasuwar Cadawa, buhu kan buhu, amma kallonsa kawai irinmu ke yi. Na sayar da tumakina. Na sayar da rediyo.

Ga yadda wuni yake a gidana lokacin. Da asuba Barira ta fita daji da sauran mata tsinkar anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacin ya fita, kuma bai taɓa fita duka ba. In an samu dusa sai a dama kunu tsararo, wanda za ka ga fuskarka a ciki, a ba yara. Da rana kowa ya nemi inuwa ya kwanta, don motsi yunwa yake ƙarawa. Da yamma a dafa ganye, a barbaɗa ɗan garin rogo in akwai, a ci a sha ruwa da yawa. Yaranmu uku ne lokacin, ƙaramar Sa'a tana goye. Hayaƙi ya rage tashi a gidaje. Har sautin daka ya ɓace a garin, kai ka ce an yi mutuwa kowane gida.

Abu ɗaya ne ba mu taɓa ba, iri. Barira ta sussuke zangarniyar da na ware tun kaka, ta gauraya hatsin da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gado. Ta ce wa yara magani ta sa a ciki, wanda ya ci zai mutu. Ni kaina akwai ranar da na zauna ina kallon tulun nan har ta shigo ta same ni.

“Malam, lafiya?”

“Lafiya lau. Duba shi nake, ko ƙwari sun shiga.”

“Ƙwarin da nake tsoro mai ƙafa biyu ne,” in ji ta, ta ja tabarma ta rufe shi.

Irin nan shuka ɗaya zai yi, babu na biyu. Shi ya sa ban yi binne ba, wato in zuba shi a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. In yayyafi ya taɓa shi ya tsiro rana ta ƙone shi, shi ke nan mun tashi. Muka yi shawara ni da ita, sai ruwan kirki ya sauka, wanda zai jiƙa ƙasa har ka tura hannu ba ka taɓo busasshe ba, sannan mu fita mu gama gonar tun danshi bai gudu ba. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Ka yi sakaci kwana biyu rana ta shanye shi.

Ana cikin haka Habu ya dawo daga Agiye da labari. Shi ne sarkin samari lokacin, bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Ya ce wani direba ya gaya masa garin nan na yamma da mu, ba sai na faɗi sunansa ba, sun fara buga birgi, wato bulon gini. Wai kumandan, babban jami'in gwamnati na yankin, zai zagayo kafin ruwa ya sauka, garin da ya tarar ba shi da ginin meri za a ɗauke komin a kai inda ake da shi. Ba wanda ya tambayi sunan direban. Ba wanda ya hau jaki ya je ya ga birgin da idonsa. Mutanen da ba su iya tashi daga inuwa sai ga su a ƙofar mai gari ana ɗaga murya.

Kowa ya yarda a yi gini. A ina? Nan aka tsaya. 'Yan Kasuwa suka ce magajin gari nasu ne. 'Yan Tudu suka ce ai shi ya sa, ba za a haɗa musu mutum da gini ba. Aka watse, aka dawo, aka sake watsewa. Mai gari, tsoho ne ga shi shi ma ba ƙoshi gare shi ba, ya gaji ya nuna Kwarin Jakai da sandarsa.

“Ga tsakiya nan. Ba na Tudu ba ne, ba na Kasuwa ba. A yi shi nan kowa ya huta.”

Kawu Idi, ƙanin uwata kuma sarkin maginan Tudu, ya gyara murya. “Ranka ya daɗe, ruwa fa?”

Kafin mai gari ya buɗe baki, Ɗan Jumma, maginin 'yan Kasuwa, ya yi dariya. “In 'yan Tudu tsoron ruwa suke, ai da sauƙi. A kawo mana shi bayan mangaza, can ko raɓa ba ta kwana.”

“Wa ya ce muna tsoro?” in ji Kawu. “A kawo igiya a auna.”

Shi ke nan. Daga ranar duk wanda ya ambaci ruwa, in ɗan Tudu ne a ce yana so a miƙa wa Kasuwa, in ɗan Kasuwa ne a ce dabara ce ta jan gini unguwarsu. Gari guda, manya da gemu, muka taru muka yi kamar mun manta inda muka yi wanka muna yara.

Bai ƙare nan ba. Aka ce kowace unguwa ta gina rabi, Tudu gabas, Kasuwa yamma, a haɗu a ƙofa. Kawu Idi da tubalin hannu yake gini, irin na iyaye, mulmulalle mai tsini a ka, bango mai kauri daga ƙasa yana siranta yana hawa. Ɗan Jumma ya yi aiki a birni, da birgin akwati yake gini, mai kusurwa huɗu, bango siriri a miƙe da igiya. Ba sai magini ba, ko ni na san waɗannan biyu ba sa kama juna. Aka ce ɗaya ya bi ɗaya.

“Ni in koma ɗan koyon wanda ke gini kamar ana jera sabulu a kanti?” in ji Kawu.

“Baba Idi, ai naka ba gini ba ne, curin fura ne ake ɗorawa kan juna.”

“Yaro, curin furar nan kakanka ya tarar a tsaye ranar da ya iso da jakinsa, kuma a inuwarsa ya sauka.”

Aka yi dariya, kowa ya koma ɓangarensa ya ci gaba da nasa.

Gayya dai kowa ya san yadda take. Mai gida ya kira ka, ka yi masa aiki, ya cika ka da fura da tuwo. Wannan gayya ba ta da mai gida. Komin ce, komin kuwa ba ta da rumbu, ba ta da matar da za ta yi daka. Alhaji magajin gari ya kawo goro ranar farko, ya kawo ranar biyu, daga nan sai addu'a. Da safe mu fita cikinmu babu komai sai ruwa. Ƙasar gini daga bakin tafki muke ɗauko ta, don ta kwarin yashi ce. Ruwan kwaɓi kuwa daga rijiyar gari, wadda ta ja baya har guga sai ya daɗe kafin ka ji ya taɓa, ga mata a layi da tuluna suna zaginmu, kuma da gaskiyarsu. Ciyawar da za a sa a kwaɓi babu, dabbobi sun cinye har jinkar ɗakuna. Kashin jakai muka tattara a wurin muka zuba. Wannan kaɗai ne amfanin da filin ya yi mana.

Ni aikina cuɗa ƙasa da ƙafa. Ka shiga kwaɓi har gwiwa, ka ɗaga ƙafa kamar an ɗaura mata dutse, rana a tsakar ka, gumi ya ƙafe ya bar gishiri a wuya. Wani lokaci idona ya rufe, in ga duhu da 'yan taurari, in dafa kafaɗar na kusa da ni har ya wuce. Mutum ya faɗi a janye shi inuwa, a yayyafa masa ruwa, in ya farfaɗo ya dawo, don kada a ce unguwarsu ce ta fara gazawa. Abin da ya riƙe mu ke nan, ba son komin ba. In muka ga bangon yamma ya ɗara namu sai ka ji Habu yana ihu kamar an shigo da yaƙi.

Da bangaye suka haɗu a ƙofa, wajen haɗin kamar an ɗinka buhu da tabarma. Aka cusa laka, aka shafe, aka ce ya yi. Azara daga tsohuwar mangaza aka ciro, aka yi rufi, aka kafa dogon icce na tuta. Saura yaɓe kawai.

Ranar da ruwan ya zo, tun azahar iska ta tsaya cik, tsuntsaye suka yi shiru. Wajen la'asar gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi. Iska ta zo da ƙura ta kwashe zanan mutane, bayanta sai ƙamshin nan da duk manomi ya sani. Aka fara da manyan ɗigo masu zafi, sannan aka sake shi gaba ɗaya. Na tsaya a tsakar gida ban shiga ɗaki ba, ruwa yana dukan bayana, yara suna tsalle da cikunansu a kumbure. Barira ta jawo tulun iri ta fasa lakar bakinsa tun ruwan bai tsaya ba. Da ya ɗauke na tura hannu a ƙasa har wuyan hannu, danshi ne. Na ɗauko sungumi na duba ƙotarsa na jingine a bakin ƙofa.

Ruwan Tudu kuwa ya bi inda ya saba bi. Ya tarar da gini a gabansa, ya shiga ta ƙofa, ya ci gindin bango daidai wajen haɗin nan. Rabin Kawu ya zauna daram don nauyinsa, rabin Ɗan Jumma ya ɗan kwanta yamma, tsakaninsu ya buɗe har akuya za ta wuce.

Bayan magariba sai ga Habu, laka har cinya.

“Yaya, an ce jibi kumandan zai iso. Mai gari ya ce gobe duk namiji ya fito, ba mai zuwa gona sai an ɗinke bangon nan.”

Barira tana tsugune tana sheƙe toka daga iri. Tsakaninta da Habu akwai wasan ƙanin miji, ba ta ɓoye masa magana.

“Wa ya ce jibi? Direban nan naka?”

“Ke dai ba ruwanki da zancen maza.”

“Da ruwana, tunda ni ke dafa wa mazan ganye. In an ɗinke bangon, shi za mu tuƙa mu ci da kaka?”

“Yaya, ka ji fa. In aka ɗauke komin gobe, sunan gidanmu za a kira. A ce 'yan Kasuwa sun fito, ɗan 'yar'uwar sarkin magina yana gona. Kawu da kansa ya ce in gaya maka.”

“Wuni ɗaya ne?” na ce.

“Wuni ɗaya. Jibi da hantsi kana gonarka.”

Da safe na fito na ga sungumin ba ya bakin ƙofa. Ta riga ni fita, Sa'a a bayanta, ƙwaryar iri a ka. Ni kuma na nufi Kwarin Jakai.

Shuka aikin mutum biyu ne. Namiji yana gaba yana sara, mace tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. In mutum ɗaya ne sai ya sari layi, ya ajiye sungumi, ya dawo ya ɗauki ƙwarya ya sake bin layin. Haka ta yi, da goyo, da cikin da babu komai sai anza. Ni ina can ina cuɗa laka, in na ɗaga kai ina hango ƙasa tana canja launi, daga baƙi tana komawa fari tun daga kan tudu.

Wuni ɗaya bai isa ba. Laka ɗanya ba ta kama jiƙaƙƙen bango, abin da muka cusa da safe da yamma ya zubo. Kawu ya ce laifin sabulun kanti ne, Ɗan Jumma ya ce laifin curin fura ne. Aka kawo itatuwa aka tokare bangon yamma. Jibin ta zo kumandan bai zo ba. Aka ce gobe. Muka share fili, muka yi yaɓe, makaɗa suka wuni a rana da gangunansu. Wasu masu wayo sun sulale gona tun ranar farko, ban ga kuma an kira sunan gidansu ba. 'Yan Kasuwa da yawa dama ba da gona kaɗai suka dogara ba. Irina, masu jin kunyar kawu, mu muka tsaya.

Ranar da aka sallame mu na wuce gona kai tsaye. Na sari ƙasa, ƙura ta tashi. Na tura hannu, yashi mai zafi har inda yatsuna suka kai. Barira ta shuka gefen da ke wajen gawo, bai kai rabin rabi ba, har ya fara huda ƙasa, kore shar. Sauran gonar fari fat. Tana zaune a gindin gawon tana ba Sa'a nono, ta dube ni, ta dubi lakar da ta bushe a ƙafata.

“An gama ɗinkin?”

“An gama.”

“To madalla.”

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ruwa na biyu ya daɗe bai zo ba. Da ya zo muka zuba sauran irin, ya fito, ya yi kyau a ido, amma yana fara fitar da kai damana ta ɗauke. Zangarniya tsaye babu ƙwaya, ka murza a tafin hannu iska ta kwashe. Abin da Barira ta shuka ita kaɗai, shi ne ya nuna, shi muka ci, a cikinsa muka sake ware iri. Bai kai mu ko tsakiyar sanyi ba. Shekarar ce na sayar da san nomana, na bar ta da yara na tafi ƙodago kudu. Yunwar da ta kamata ta ƙare a shekara ɗaya, a gidana sai da ta yi biyu.

Kumandan ya zo daga baya, ana tsakiyar noman farko. Mutum ne mai natsuwa, ya sauko daga mota ya gaisa da tsofaffi hannu biyu, ya sha ruwa. Ya zagaya ginin, ya tsaya wajen itatuwan tokara ya daɗe yana kallo. Mai gari ya yi jawabi, ya ce ga shi mun riga mutanen yamma gamawa, don haka muna roƙo a bar mana komin ɗinmu. Kumandan ya juya wajen tafinta, ya sa aka maimaita masa. Sannan ya amsa da Hausa da bakinsa.

“Baba, wa ya ce za a ɗauke? Ai wannan doka ce ta ajiye shi nan. Ko ni ba ni da ikon motsa shi. Ko a gindin icce kuke zama, naku ne.”

Na nemi Habu da ido, ya sunkuya yana gyaran takalmi.

Kumandan ya ƙara da cewa, “Ya shuka? Ina fata kun samu ruwan farkon nan, don wurare da yawa shi ne kawai na kirki.”

Wani makaɗi ya ɗan taɓa ganga, aka harare shi ya bari. Daga baya muka ji mutanen yamma birgin masallaci suke bugawa.

Merin nan ta yi shekaru a tsaye da itatuwanta. Kowace damana sakatare ya ɗora takardu kan tebur, ya naɗe ƙafa kan kujera, ruwa ya shiga ta ƙofa ya fita ta tsagar baya. Kawu Idi har ya rasu yana cewa rabinsa bai taɓa motsi ba, kuma gaskiya ne. Da aka samu masu taimako za su yi ta siminti da rufin kwano, na ce to yanzu za a fita daga kwari. Aka zauna, Tudu ta ce nata, Kasuwa ta ce nata, aka ce ai filin meri sananne ne. Aka rushe ta ƙasa aka dasa ta siminti a gurbinta, aka kewaye da katanga, aka shafa fenti. Tana da kyau, ban hana ba. Akwai fanka, akwai kujerun roba. Ruwa dai da ya tarar da katanga sai ya bi gefenta yana ci, ya haƙa rami wanda yanzu raƙumi zai shiga a nemi kansa. Damanar bara ramin ya iso gindin katangar.

Habu yanzu yana da kujera a meri, ya yi tumbi, yana sa hula mai aiki. Shi ya sa yake zarya gidana. Wai a yi gayya a cika buhuna da yashi a jera a bakin ramin, don akwai baƙin da za su zo duba gini. Na ce masa bazara guda kuna ina? Ya ce buhunan ne ba su iso ba sai yanzu.

Ran Talatar nan da la'asar ruwa ya sauka, na kirki, irin wancan. Na tura hannu a ƙasa har wuyan hannu. Bana ba yunwa muke ba, alhamdu lillahi, akwai ɗan abin da ya rage a rumbu. Amma gwiwata ba kamar da ba ce, Barira ma bayanta ya fara, yaran duk sun watse, Sa'a tana ɗakin mijinta a Gangara. Mu biyu ne, kuma jigawa ba ta canja hali ba.

Bayan magariba na ji sallama. Ban ma tashi ba.

“Yaya, katanga ta tsage. An ce jibi baƙin za su iso. Gobe duk namiji...”

“Wa ya ce jibi?” in ji Barira daga bakin murhu.

“A waya aka faɗa.”

“Direban ya sayi waya ke nan.”

“Ke kin tsufa ba ki bar tsiya ba. Yaya, wuni ɗaya ne. Kai babba ne a Tudu yanzu, in ba a gan ka ba me za a ce?”

“A ce ina gona.”

“Haba Yaya. Ginin nan fa da guminka aka fara shi.”

“Na sani. Har da san nomana a ciki. Ka gaida baƙin.”

Ya tsaya yana jujjuya waya a hannu, ya ga ba zan ƙara ba, ya ce sai da safe.

Washegari da na dawo daga masallaci na ɗauki sungumi. Hanyar gonata ta gaban meri take bi, ban kuma kauce ba. Habu yana tsaye kan tarin buhuna da 'yan mutanen da ya samu, ya ƙwala mini kira. Na ɗaga masa sungumin, na ce Allah ya ba da sa'a, na tsallake ramin ta inda ya fi ƙunci, na juyo na karɓi ƙwaryar iri a hannun Barira har ta tsallako. Muka isa rana ba ta fito ba, ƙasa baƙa, sanyi yana shiga tsakanin yatsun ƙafa. Na fara daga gindin gawo. Na sara, na taka, na sara, ina jin ta a bayana tana rufewa.